Littafin da na miƙa wa Baffa da hannu biyu

Wata ukun farko da na yi a Amurka, a ɗakin ƙasa na gidan Baffa Garba na yi su, a Germantown. Ba ƙanin mahaifina ba ne na jini. Abokinsa ne tun suna yara a ƙauyenmu da ke bayan Ɗambatta. Shi ya yi boko har ya zama dokta mai ɗakin bincike a wata cibiya a Maryland, mahaifina Malam Isa kuma ya tsaya a gonar gyaɗa har Allah ya karɓi abinsa. Da na gama digirina na uku a kan fumfunar da ke ɓata gyaɗa a rumbu, Baffa ne ya aiko mini da takardar aiki, shi ya tsaya mini na samu biza. Ranar da ya ɗauko ni daga filin jirgi ya dube ni ta madubin mota ya ce, "Hadiza, ke amana ce a hannuna." Na yi ta hawaye a kujerar baya har muka isa gida, don tun rasuwar Malam ba wanda ya yi mini magana irin ta uba.

Matarsa Hajiya Rabi ta riƙe ni kamar ita ta haife ni. Ita ta saya mini rigar sanyi, ita ta nuna mini shagon da ake samun daddawa da kuka. Da na samu ɗaki a Landover zan tashi, har da kukanta.

A Landover na zauna da Memuna, wata Bahaushiyar Kumasi mai aikin kula da tsofaffi. Hausarta kaɗai ta isa ta sa ni dariya, ita ma tawa haka. Daga nan zuwa wajen aiki awa biyu ce cur: bas, jirgin ƙasa, a canza wani jirgin, a sake hawa bas. Lokacin sanyi yatsuna har daina jin su nake. Abin da ya rage mini na gida shi ne wata jar kula mai furanni da Umma ta cusa mini a akwati. Duk Lahadi sai in yi ɗanwake ko dambu, Litinin in kai wa Baffa ofis ya tafi wa Hajiya da shi. Kafin Alhamis kular ta dawo teburina. Wani lokaci da dambun nama, wani lokaci cincin, in ba ta samu sukuni ba ko dabino ne sai ta zuba. Kun dai san mu, ba a mayar wa mutum da kwanonsa haka nan. Shekara uku kular nan tana hanya tsakanin Landover da Germantown, ba ta taɓa dawowa ba komai ba.

Aikina kuwa daga rumbun Malam ya samo asali. Tun ina yarinya na lura gyaɗarmu ba ta yin fumfuna, ta maƙwabta kuma sai ka ga ta yi kore-kore an zubar. Mutane na cewa sa'ar Malam ce. Ni na ce akwai wani abu a ƙasar rumbun. Kafin in taho na durƙusa da kaina na kankaro ƙasar daɓen, na sha wahalar takardun izini kamar zan shigo da zinariya, har ta iso Maryland a cikin 'yan kwalabe. A shekara ta biyu na ware wata ƙwayar halitta daga cikinta. In na shuka ta a tsakiyar ɗan farantin gilashi na zuba fumfuna a gefe, fumfunar sai ta cinye ko'ina amma ta bar fili fes kewaye da ƙwayar, kamar an share da tsintsiya. Ranar da na fara gani sai da na zauna a ƙasa.

Wadda ta same ni a ƙasan ita ce Noriko, wata 'yar Japan da teburinta ke kusa da nawa. Ba a ƙarƙashin Baffa take ba, nata binciken daban ne, a kan ƙananan halittun ruwan teku, ɗaki kawai muka haɗa. Ta girme ni da kusan shekara goma. 'Yar ƙarama ce, ba ta da yawan magana, ga tsabta kamar me. Ta ɗauki farantin ta ɗaga shi wajen haske, ta daɗe tana kallo, ta yi mini tambayoyi, ta koma teburinta tana rubutu. Ban kula ba, don Noriko ko atishawa aka yi sai ta rubuta.

Tana da wata al'ada da nake yi wa dariya. Duk Juma'a sai ta ɗauki littafin aikinta ta kai wa wani da ba ya cikin bincikenta, ya karanta shafukan makon, ya sa hannu a ƙasan kowanne, ya rubuta kwanan wata. Dokar cibiyar ce a takarda, amma mutane kaɗan ke bi. Wannan Juma'ar ta zo ta tsaya a kaina da biro.

Ta ce, "Kawo naki in sa miki hannu. Abin da kika samu babba ne."

Na ce, "Shaidar me? Wa zai yi mini gardama?"

"Ba wanda ya san gobe."

Raina ya ɗan ɓaci, wallahi. Na ce mata, "Noriko, mutumin nan da kike gani ubana ne. In ya ji na kira bare ya sa hannu a littafina, ai na ce masa ɓarawo ke nan. Mu ba ma yin haka."

Ta sunkuyar da kai ta ce to, ta mayar da bironta aljihu. Na koma gida ina ba Memuna labari, ina cewa mutanen nan ko uwarsu ba su yarda da ita ba. Memuna na cin shinkafa a tsaye za ta fita aiki, ta ce, "Ke dai kin cika kara, 'yar Kano. Nan ba gida ba ne." Na ce ita ma ta daɗe a Turai ta lalace.

Bayan wata shida na maimaita gwajin ta kowace fuska, Baffa ya kira ni ofis. Ya ce, "Kawo littafin nan in duba, lokacin rubuta takarda ya yi." Na ɗauko shi, na rusuna, na miƙa masa da hannu biyu. Ya sa mini albarka, ya ce 'yar Malam Isa ta haifu. Da na fito Noriko ta tambaye ni a hankali ko na yi kwafi. Na ce, "Kwafin me kuma? Kai, Noriko!"

Shiru, shiru. Sau ɗaya na tambaya, ya ce, "Ana kan aiki, ki ƙara haƙuri." Ban sake ba. An rene ni a kan cewa babba ba a tambayarsa abu sau biyu. Sabunta kwantiragina ya matso, bizata kuma a jikinsa take rataye, na san ba takardar da za ta riƙe ni a ƙasar nan sai wannan. Amma ban damu ba. Abina yana hannun Baffa.

Ana cikin haka labari ya zo cewa an ba Noriko wata lambar yabo a ƙasarsu, irin wadda ake ba mata masu binciken kimiyya. Ita ko faɗa ba ta yi ba, a allon sanarwa muka gani. Ta tafi mako biyu ta dawo da wani kwali na alewar wake, kowace a naɗe da takardarta kamar kayan lefe, ta bi mu ɗaya bayan ɗaya tana miƙawa tana sunkuyawa. Ni ta ja ni gefe ta nuna mini abin da aka rubuta a jikin kwalin, ta ce ta bincika, babu giya babu alade.

Cibiya ta shirya mata 'yar walima da rana. Shugaban cibiyar, wani dogon Bature, ya yi jawabi muka tafa. Sai ya ce akwai albishir na biyu: wata babbar mujalla ta karɓi takardar Dokta Garba a kan maganin fumfunar gyaɗa. Na dubi Baffa ina murmushi, shi kuma yana kallon kofinsa. Aka fara zagayawa da kwafin takardar hannu zuwa hannu har ta iso gare ni.

Sunan farko Nura ne, mijin babbar 'yar Baffa, wanda ya zo cibiyar bai fi wata takwas ba, wanda ko murfin farantina bai taɓa buɗewa ba. Na biyu wani Bature da ya duba lissafi. Na ƙarshe Baffa. Na sake karantawa. Na juya shafi, na sake juyawa. Ga hotunan farantaina, har da wanda gefensa ya ɗan tsage. A can ƙarshe, da ƙananan baƙaƙe, an gode wa "H. I." saboda taimakon shirya kayan aiki. Innalillahi. Alewar Noriko na hannuna, na matse ta har ta fito ta tsakanin yatsuna ban sani ba.

Ranar Asabar da hantsi na hau jirgi zuwa Germantown. Ku ji wauta: ban iya zuwa hannu rabbana ba, sai da na yi dambu na cika kular. Hajiya Rabi ta karɓa ba ta dubi idona ba, a nan na gane ta sani. Baffa yana falo. Na durƙusa na gaishe shi, na tambayi gida, na tambayi aiki, sannan na ce, "Baffa, na ga takarda, ban ga sunana ba. Na ce ko kuskure aka yi."

Ya ce, "Ba kuskure ba ne. Zauna."

Ban zauna ba.

"Nura yana neman katin zama, lauya ya ce sai da takarda mai nauyi. Yana da mata da yara biyu. Ke fa? Ke kaɗai ce, yarinya ce, kanki na ja. Za ki yi wata takardar."

"Baffa, shekara uku na yi."

"A ɗakin wa? Da kayan wa? Wa ya kawo ki ƙasar nan?"

Na ce shi ne, kuma ban manta ba. Na ce ko na biyu ne a sa ni, ko na uku. Ya ce an riga an rufe. Na ce to a ba ni littafina. Ya ɗan yi dariya ya ce littafin na cibiya ne ba nawa ba, kuma shi bai ga wani sa hannu a ciki da ya nuna wa ya yi me ba. Wannan maganar ce ta kashe ni. Ashe ya duba. Ashe ya bi shafi-shafi yana neman abin da na ƙi yi don kar in ɓata masa rai, da bai gani ba ya ji daɗi.

Hajiya ta raka ni bakin ƙofa ta riƙe hannuna. "Hadiza, ki yi wa Allah ki bar maganar nan a cikin gida. Zai gyara miki ta wani wajen." Na ce, "Anti, kin san da wannan tun yaushe?" Ta saki hannuna ta koma ciki.

Kafin mako ya zagayo magana ta karaɗe mutanenmu. Aka yi suna a Silver Spring na je, don ƙin zuwa ma magana ce. Ban gama cin abinci ba wata dattijuwa, matar wani likita, ta ja ni ɗakin da aka tara jakunkuna. Ta ce, "'Yata, mu nawa ne a garin nan? In kika kai mutumin nan gaban Turawa, ba shi kaɗai kika tozarta ba, dukkanmu ne. Gobe ba mai ɗauko 'yar wani daga gida." Na ce, "Hajiya, shi an ja shi ɗaki an yi masa magana?" Ta ce in ji tsoron Allah, bakina ya yi kaifi. Duk falon nan ba wanda ya ce an cuce ni. Kowa haƙuri yake ba ni, kamar ruwan sama ne ya dake ni ba mutum ba.

Litinin na iske Noriko tana jirana da littafinta na bara. Ta buɗe wani shafi ta juyo mini. Ga zanen farantina da hannunta, ga filin da fumfuna ta bari, ta auna faɗinsa. A ƙasa ta rubuta cewa yau Hadiza Isa ta nuna mata ƙwayar da ta ware daga ƙasar rumbun mahaifinta, ta lissafa amsoshin da na ba ta. Ga kwanan wata, ga sa hannun wata ma'aikaciya da ta yi mata shaida a Juma'ar. Wata takwas ke nan kafin Nura ya taka cibiyar, ko ma fiye.

Na ce, "Me ya sa kika rubuta aikin da ba naki ba?"

Ta ce, "Kin hana ni sa hannu a naki. Nawa kuma ba ki da iko da shi."

Sai ta ba ni labarin bikin da ta je. Ta ce a layin gaba akwai wasu tsofaffin mata, wasu da sanda, waɗanda suka ƙare ƙuruciyarsu a ɗakunan bincike sunan maigidan ɗaki na hawa kan aikinsu. Su ma, in ji ta, an koya musu cewa tambayar babba rashin kunya ne. Malamarta na cikinsu, ita ce ta koya mata al'adar Juma'ar nan, har takan kori ɗaliba daga ɗaki in ta zo da shafi ba shaida. Noriko ta ce, "Lambar da aka ba ni, don kar a sake yin haka aka kafa ta. Ba zan rataye ta a bango in zauna kusa da ke in yi shiru ba. Amma ba zan kai ko'ina ba sai kin ce." Ta ba ni kwafin shafin.

Mako uku takardar nan tana jakata. In fito da ita a jirgi in karanta in mayar. Ina tuna rigar sanyi, ina tuna madubin mota. Na fi jin haushin kaina a kan na kowa, ni da na yi wa matar nan dariya. Wata Lahadi na daure na karanta takardar Baffa daga farko har ƙarshe, abin da na kasa yi tun ranar walima. A sashen da ake faɗin inda aka samo kayan gwaji an rubuta cewa babban marubucin ne ya ɗebo ƙasar da kansa a wani ƙauye a arewacin Najeriya. Baffa! Mutumin da rabonsa da ƙauyenmu tun kafin a yaye ni. Ko ta'aziyyar Malam ta waya ya yi ta. Gwiwata ce ta sha daɓen rumbun nan, Umma na riƙe mini fitila. Na ce wa Memuna gobe zan kai ƙara. Ta ce, "Sai yanzu? Tashi ki goge kayanki."

Akwai ofis a cibiyar da ke sauraron irin wannan ƙorafi. Na kai shafin Noriko, na kai takardun izinin shigo da ƙasa masu sunana. An yi wata bakwai ana kira ana tambaya. Noriko ta shiga ta ba da shaida sau biyu. A duk tsawon lokacin nan kullum da safe sai na rusuna na gaida Baffa a farfajiya, shi kuma ya wuce kamar bango ne ya yi magana. Gayyatar suna da ta biki ta ɗauke ɗif. A masallaci ranar idi matan da muka saba cin abinci a faranti ɗaya suka matsa da sallayarsu.

Daga ƙarshe mujallar ta buga gyara. Aka cire Nura, aka sa Hadiza Isa a farko. Baffa ya ce rashin fahimta ce aka samu, aka ja masa kunne, ya ci gaba da zama a kujerarsa. Kwantiragina kuwa ya ce babu gurbi. Noriko ce ta yi ta rubuta wasiƙu har wata ƙaramar kwaleji ta ɗauke ni koyarwa, saura kwana kaɗan bizata ta mutu.

Na kira Umma in faɗa mata, ashe an riga ni. Ko gaisuwata ba ta gama amsawa ba ta ce, "Hadiza, an ce kin kai Baffanki ƙara wajen Turawa."

"Umma, aikina ya ɗauka ya ba surukinsa."

"Mutumin da ya ɗauke ki ya kai ki?"

"Shi. Ƙasar rumbun Malam ce, Umma, wadda kika riƙe mini fitila. Ya ce shi ya ɗebo. Ya cire sunan Malam."

Sai ta ce, "Yanzu an mayar?" Na ce an mayar, na karanta mata. Ta ce, "Allah ya jiƙan Malam." Ta ja numfashi. "Amma kin san 'yan'uwan Garba sun daina gaishe ni a hanya. Ke kina can, ni nake zaune da su." Na ba ta haƙuri, ni ma ga shi na koma ba wani haƙuri a kan abin da Baffa ya yi.

Ranar da zan bar cibiyar na zo kwashe kayana, sai na ga jar kular a kan teburina. Tun ranar Asabar ɗin nan take gidansu, kusan shekara. Na ce Anti Rabi ce, ba ta iya kira ba amma ta aiko. Ko dabino uku ne na san ta yafe, ko ta ce in yafe. Noriko na tsaye tana naɗe mini kwalabe a jarida, ta ga na daɗe da hannu a kan murfin, ta tambaye ni lafiya.

Na buɗe. An wanke ta tas, an goge, har ƙamshin sabulu take. Babu komai a ciki.

Noriko ta leƙa ta ce, "An wanke miki da kyau." Na ce eh, an wanke. Ban san ta inda zan fara yi mata bayani ba, sai na mayar da murfin na sa kular a kwali tare da littattafaina.